Kofin Khaddamari a Motar Umarari

Kai, ku ajiye wayoyin nan tukuna! Tun ɗazu kuke zaune min a benci kuna latse-latse, ɗayanku har yana cewa wai rubutun allo ai kowa ma zai iya, in dai ya gama firamare. To madalla. Ga buroshi, ga gwangwanin fenti, ga bango can. Wanda ya ja min harafi ɗaya a tsaye, fentin bai gangaro masa har gwiwar hannu ba, na bar masa shagon nan kyauta. Shiru? Ai na sani. Sunana Bukar, amma duk Kasuwar Kwastam Bukar Fenta ake ce min, kuma tun kaina yana baƙi wuluk nake rubuta wa mutanen garin nan namu na Yerwa sunayensu a bango da ƙofa da jikin mota. Shagon nan da nake muku tayinsa da baki, akwai shekarar da saura ƙiris ya fita daga hannuna da gaske. Ku gyara zama ku ji.

Aikin farko da maigidana Baba Yohanna ya ba ni shi ne wankin buroshi. Mutumin Biu ne, dogo, mai ɗan gemu, ya koyi sana'ar tun yana rubuta wa coci-coci allunan waƙa. Na zo masa da ɗoki ina jin washegari zan hau tsani, sai ya miƙo min gwangwanin kananzir da tsumma. Buroshinsa ma ba na kanti ba ne. Da hannunsa yake haɗawa, ya samo gashin jelar saniya daga mahauta, ya wanke, ya jera, ya ɗaure da zare a bakin siririn kara, sannan ya gyara bakin da reza. In ka bar masa fenti ya kwana a gashin nan, ranar za ka san Biu dutse ne da ita. Sai da na iya wanki ya ba ni sanfefa na goge katako, sai da na iya guga ya koya min shafa farin ƙasa, wato fentin da ake fara shimfiɗawa kafin rubutu. Damina ta zo ta wuce ban rubuta ko alifi ba.

Allon wata mai ɗinki, Ya Falmata, shi ne na farko da ya bar ni na sa wa hannu. Ya nuna min yadda ake shafa alli a zare, mutum biyu su riƙe bakinsa, a ja tsakiyar a saki, ya bar layi miƙaƙƙe a jikin katako. Ya ba ni sandar da ake tokare hannu da ita, mai dunƙulen tsumma a kai, don kada hannu ya yi rawa. Na zana haruffan da alli, na ɗauko gwangwani zan buɗe, sai na ji sandar a bayan hannuna, tau!

"Ina za ka?" in ji shi.

"Fenti, Baba."

"Ajiye. Alli tukuna. A jingina shi a bakin titi har la'asar, duk wanda ya wuce ya karanta."

Na ce a raina wannan tsoho ɓata lokaci kawai yake so. Ashe dokar sana'ar ke nan gaba ɗaya. Kafin azahar wani ɗan makaranta ya tsaya ya ce harafi ɗaya ya juya baya. Kafin la'asar Ya Falmata da kanta ta zo, ta ce mijinta bai yarda a sa sunanta a titi ba, a sa na 'yarta. Da fenti ne da an yi asarar katako da gwangwani guda. Da alli kuwa, tsumma na jiƙa na shafe. Baba Yohanna ya ce, "Alli shawara ce, fenti rantsuwa. Ba a rantsuwa a kan abin da bai tabbata ba." Daga ranar ban sake buɗe gwangwani a kan maganar da ba ta zauna ba.

Mun yi aiki iri-iri da shi. In na coci ne shi ke hawa tsani ina riƙewa. In na Islamiyya ne sai ya ce, "Hau, ɗan malam, kai ka san inda wutsiyar haruffan nan take lanƙwasa." Masu keke su zo a rubuta musu kirari a baya, mai fili ya zo a rubuta masa cewa filin nan ba na sayarwa ba ne, da manyan baƙi, don ƙanensa ya gani. Kowa kuma Turanci yake so. Mutum bai iya ba, kwastomominsa ba su iya ba, amma in ba a sa masa Turanci ba sai ya ga kamar an rage masa awo. Nan ne wahalar take, domin in kalma ta karkace a baki iska ce ke ɗauke ta, in ta karkace a bango kuwa sai ta yi shekaru tana zagin wanda ya rubuta ta.

Wata rana 'yan dara na tashar mota suka zo. Sun lallasa 'yan dara na bakin kasuwa, suna son allo a rataya a rumfarsu don tsokana. Shugabansu ya ce a rubuta "we win them". Baba Yohanna yana shan shayi a lokacin. Ya shanye, ya ɗaga kofin sama da hannun dama, ya damƙi wuyan rigata da na hagu.

"Kun ga wannan?" Ya girgiza kofin. "Shi ake win. Abin da za ka ɗauka ka tafi da shi gida, ko kofi, ko rago, ko wasan kansa. Kun ga wannan kuma?" Ya girgiza ni har hulata ta faɗi. "Shi ake beat. Mutumin da za ka bari a fili yana sosa ƙeya. In kun ce kun win ɗinsu, to ku kawo mota ku kwashe su, ku je ku ciyar da su."

Aka fashe da dariya, har da su. Laifin ba nasu ba ne. Mu da Hausa mun ci kofi, mun ci abokan wasa, duk ci ne, bakinmu ɗaya. Bature ne ya raba, ya ba kaya kalmarsu ya ba mutum tasa. Baba ya ƙara min da cewa in abin ya riga ya faru, win sai ta sauya riga ta koma won, ita kuwa beat tana nan yadda take. Ban taɓa shiga ajin da aka koya min wannan ba, amma wuyana bai manta ba.

To, shekaru suka tafi. Baba Yohanna ya tsufa ya koma Biu, ya bar min buroshinsa da sandarsa, ni kuma na kama wannan shago a hannun Alhaji Kyari, babban dillalin wake a kasuwar nan. Muka sha shekarun dokar hana fita, lokacin da ba mai son a rubuta sunansa a ƙofa balle a san yana ciki. Na ce in gari ya lafa aiki zai dawo. Gari ya lafa, aiki ya dawo, amma ba wurina ba. Fileks ya shigo, ledar nan da inji ke bugawa da hoto da launi kala-kala. Mai shayi ma sai ka ga hotonsa ya fi teburinsa girma. Shekarar nan ita ce mummunar shekarata. Sai in buɗe shago in share, in jera gwangwanaye, in zauna ina korar ƙuda. Fenti ya yi fata a gwangwani don rashin buɗewa.

Ana haka Alhaji Kyari ya shigo wata safiya, tare da ɗan ƙanensa Babagana, wanda ya gama karatu ya sayo injin buga fileks, yana neman shago a bakin titi. Alhaji ya yi min gaisuwar mutanen garin nan.

"Wushe, Bukar."

"Wushe, Alhaji. Sannu da zuwa."

Bai zauna ba. Ya dubi gwangwanayen ya ce, "Bukar, ba korarka nake ba, mun daɗe tare. Amma yaron nan jinina ne, kuma ƙofar nan tana kallon titi a banza. Ka nuna min abu ɗaya da buroshinka zai yi wanda injinsa ba zai yi ba. In babu, ƙarshen wata ka kwashe kayanka."

Babagana ya sunkuyar da kai, yaro ne mai ladabi. Ya ce, "Baba Bukar, ka yi haƙuri." Na ce ba komai. Ƙarya nake. In na bar ƙofar nan ban san inda zan kai tsanina ba, kuma mai gemu fari ba ya komawa koyon wata sana'a.

A daidai lokacin 'yan kasuwa sun sa kofin ƙwallo tsakanin unguwanni da garuruwan kusa, don samari su sami abin yi. Alhaji Kyari shi ne uban ƙungiyar Umarari, unguwarsa, kuma yaransa sun kai wasan ƙarshe. Za su kara da 'yan Khaddamari, manoman da shi kansa yake sayen wake a hannun iyayensu. Alhaji ya rantse in suka ci sai an zaga gari da kofin a gingimarinsa mai bodin katako, da makaɗa da komai. Babagana ya zana fileks a kwamfuta, ƙato, da hoton kofi da sunan Umarari, ya kawo majalisar dattawa a bakin rumfar wake don a gani kafin ya buga. Ina wurin, ina shan inuwa tunda ba aikin yi.

Wani tsoho ya leƙa ya ce, "Wannan me aka rubuta?"

Aka ce an rubuta Umarari ta ci kofi.

"An buga wasan ne ban sani ba?"

"A'a, Baba, sai jibi. Amma inji yana son lokaci, ga wuta ba tabbas, dole a buga tun yau."

Wayyo, sai majalisa ta kama da wuta! Wannan ya ce cika baki ne, wancan ya ce shiga gaban Allah ne, wani ya ce ko ɗan da ke ciki ba a raɗa masa suna sai ya faɗo. Kun san mutanenmu, ko tafiya Bama mutum zai yi gobe sai ya ce in Allah ya yarda, balle a buga nasara a leda a ajiye a ɗaki tana jira. Ni kuwa sai dabara ta faɗo min. Na miƙe tsaye, ban ma san na miƙe ba.

"Alhaji, ni zan rubuta! A filin, bayan usur na ƙarshe, kafin direba ya gama juya mota. Ba cika baki, ba jiran wuta."

Ya dube ni sama da ƙasa. "In motata ta fita daga filin nan da rubutu a jikinta, mutane suna karantawa suna tafi, to mun yi magana a kan shago."

Ranar ban ci abincin rana ba don murna. Na samo alluna biyu dogaye, na goge su da sanfefa har suka yi santsi kamar tafin jariri, na shafa farin ƙasa, na shanya. Muka kafa su da ƙusa a gefe da gefen motar, ni da Ishaku direba. Na buga layukan zare kawai, ba harafi ko ɗaya. Sai dabarar fenti. Fentin mai ba ya bushewa da wuri, in ka sirka shi da kananzir sai ya yi ta naso. Na sirka shi da ɗan fetur, wanda zafin Yerwa zai shanye kafin ka juya. Na zaɓi buroshi mafi faɗi cikin na Baba Yohanna, na wanke shi kamar za a kai shi ɗakin amarya.

Ranar wasa filin makarantar ya cika maƙil, har kan katanga da rassan dalbejiya. 'Yan Khaddamari sun zo a keke da akori-kura, da dattijonsu Bulama Fannami, wani siririn tsoho mai sanda da bakin tsokana. Aka faka gingimari a bayan raga, ni ina zaune a kan tsani da gwangwani a rufe tsakanin ƙafafuna. Aka take wasa. Jama'a, yaran Umarari kamar an sa musu barkono! Kafin a je hutun rabin lokaci sun zura biyu, Khaddamari ba ko ɗaya. Makaɗa suka ɓarke, mata suna guɗa, Alhaji ya cire hula yana fifita da ita yana dariya har ana ganin haƙorin Makka.

Sai ga samari sun yo kaina. "Baba Fenta, fara! An gama! Buɗe gwangwani!"

Na ce alli zan sa. Na zana UMARARI da alli a allon dama, suka yi ihu. Ba su ƙoshi ba. Alhaji da kansa ya taso, babbar riga tana jan ƙasa.

"Bukar, me kake jira? Sa fenti, ya bushe kafin a tashi."

"Alhaji, usur bai yi ba."

"Biyu da babu! Makaho ma ya ga ƙarshen wasan nan."

"Allah ya ba ka nasara, Alhaji, amma fenti rantsuwa ne. Ba na rantsuwa a rabin wasa."

Fuskarsa ta canja. "Motar taka ce ko tawa? Shagon naka ne ko nawa?"

Mutumin da makomata ke hannunsa yana ba ni umarni a gaban jama'a, ni kuma ina ce masa a'a. Na danne murfin gwangwanin da tafin ƙafa na ce, "Duk naka ne, Alhaji. Hannun ne kawai nawa." Ya yi ƙwafa ya juya. Wani yaro ya jefe ni da ɓawon rake.

Aka dawo. Ban san abin da Bulama ya faɗa wa yaransa a hutun nan ba, amma wasu mutane ne daban suka shigo fili. Wani gajere mai ƙafafu kamar turmi ya ɗauko ƙwallo tun daga tsakiya, ya wuce mutum uku, ya narka ta a raga. Umarari suka koma tsaron gida, suna ta harba ƙwallo waje don lokaci ya ƙare. Ana gab da tashi suka sami bugun kwana, ƙwallo ta taso, wani dogo ya sa mata kai. Biyu da biyu! Ƙurar da ta tashi a ɓangaren Khaddamari sai da ta rufe rana. Aka tafi bugun fenariti. Ni dai na rufe ido a na ƙarshen, kunnena ne ya gaya min. Ihun daga can ya taso, ba daga nan ba.

Na jiƙa tsumma na shafe UMARARI tas, cikin abin da bai fi ƙiftawar ido ba. Da na bi maganar Alhaji, da motarsa za ta ratsa gari da jan fenti tana shelar ƙarya, ko kuwa a ɓalle allunan a gaban abokan hamayya. Na san na yi daidai. Amma daidai ɗin nan bai ba ni komai ba, don sharaɗin shi ne mota ta fita da rubutu, ga shi babu abin rubutawa. Na zauna a kan tsani ina kallon farin allo, ina lissafin wanda zai ara min baro in kwashe kaya.

Sai ga Bulama Fannami yana tafe yana dogara sanda, yaransa a baya ɗauke da kofi. Ya tsaya gaban Alhaji, wanda ke zaune a kujera kamar an zare masa laka.

"Kyari, sannu da ƙoƙari. Yaranka sun iya rabin wasa."

"Bulama, bar ni da abin da ke damuna."

"Zan bar ka. Amma ga mota an wanke, ga makaɗa an biya, ga mai rubutu a kan tsani. Motar da ke ɗaukar wakenmu duk kaka, yau ba za ta ɗauki kofinmu ba?"

Alhaji ya dube shi, ya dubi motar. Mutum ne mai zuciya amma ba ƙaramin mutum ba ne. Ya ce, "Ishaku, kai su."

Kafin ya rufe baki samarin Khaddamari sun kewaye tsanina. "Rubuta we win Umarari! Da manyan baƙi!" Kyaftin ɗinsu, wani malamin firamare, ya ce, "Kai, ba haka ake faɗa ba, beat ne." Gardama ta kaure, wasu win wasu beat, kowa yana jan ƙafar wandona. Na daka musu tsawa na ce a ba ni wuri. Na ɗauki alli na rubuta layi biyu a allon, na sama WE BEAT UMARARI, na ƙasa WE WON THE CUP. Na ce, "Duka biyun Turanci ne mai kyau. Ga titi, ga jama'a, a karanta a zaɓa."

Bulama ya matso ya ɗaga kai. "Ɗana, ni bokon nan ban sha shi ba. Mene ne bambancinsu? Ba duk mun ci ba ne?"

Na sauko. Na nuna kofin da ke hannun kyaftin na ce, "Baba, na ƙasan nan maganar wannan yake, abin da za ku ɗauka ku kai gida." Sannan na waiga ina neman abin nunawa na biyu, sai idona ya faɗa kan golan Umarari. Magidanci ne, mai gyaran babur a unguwar, yana zaune a gindin raga ya rufe fuska da safar hannu, kafaɗunsa suna rawa. Na nuna shi. "Na saman kuma maganar wancan yake, wanda za ku bari a fili. Ita wannan kalmar ba ta tsayuwa sai da sunan wani a gabanta."

Tsohon ya daɗe yana kallon golan. Ya juya ya kalli Alhaji. Sannan ya ɗaga sandarsa ya ƙwanƙwasa layin sama.

"Motar mutum, direban mutum, man mutum, sannan mu rubuta sunansa a ƙarƙashin ƙafarmu mu bi ta ƙofar gidansa? Goge wannan."

Samari suka fara gunaguni. Ya juyo musu. "Kofi za ku kai wa iyayenku mata ko Umarari? In Umarari ce, wa zai ciyar da su? Kun ga cikin Kyari kuwa?" Dariya ta ɓarke har ɓangarenmu, Alhaji ma sai da ya murmusa yana girgiza kai.

To, nan fa aiki ya tashi! Rana ta yi ƙasa, kuma dole su isa Khaddamari da sauran haske. Na buɗe gwangwani, ƙamshin fetur ya bugi hancina, wallahi ji na yi kamar an mayar min da shekara ashirin. Ishaku ya riga ya tayar da inji, allon yana karkarwa. Na yi ihu, "Kashe, Ishaku, ko in rubuta maka a goshi!" Ya kashe. Tsanin yana tangaɗi a cikin yashi, na ce wani ya riƙe min. Hannun da ya kama shi sanye yake da safar gola. Ya taso daga gindin raga, idonsa ja, ya ce, "Hau, Baba, na riƙe. Wannan dai ba za ta wuce ni ba."

Na tokare sanda, na tsoma buroshi, na ja. Harafi ɗaya, shara ɗaya, ba komawa. Kowane harafi na gama sai jama'a su kira sunansa da ƙarfi kamar 'yan aji ɗaya, makaɗa su buga masa ganga. Fentin yana sauka yana kamewa, ko ɗigo bai gangaro ba. Na gama WE WON THE CUP a wannan gefe, muka ruga da tsani ɗaya gefen, ni da gola, na shimfiɗa KHADDAMARI daga wannan kusurwa zuwa waccan, da ja, na bi gefen haruffan da baƙi don su fito. Ina ɗaga buroshi daga harafin ƙarshe Ishaku ya tayar, samari suka ɗare, aka miƙa kofi sama. Wasu suka sure ni da gwangwanina suka jefa cikin mota, suka janyo golan ma sama.

Sai da samarin Khaddamari suka dage aka bi ta Umarari. Na ce yau za a yi ruwan duwatsu. Mutanen unguwa sun fito bakin titi fuska a murtuke, suka ga motar Alhajinsu ce, suka ga golansu a sama kusa da kofi, masu karatu suka karanta allon suka faɗa wa na kusa. Ba sunansu a ciki, ba zagi. Wata tsohuwa ta fara guɗa, shi ke nan, yaran Umarari suka bi motar da gudu suna tafi. Alhaji yana gidan gaba tare da Bulama. Har muka je muka dawo bai ce min ko sannu ba.

Kwana biyu ban ji daga gare shi ba. Na ce to, mota ta fita da rubutu, an yi tafi, amma ba sunan da yake so ba ne, kuma na ƙi masa magana a bainar jama'a. Na fara ɗaure buroshi a tsumma.

Da safe sai ga shi da Babagana, da tef ɗin awo a hannun yaron. Na ce sun zo auna inda inji zai zauna.

"Wushe, Bukar."

"Wushe, Alhaji."

"Kai mutum ne mai taurin kai."

"Haka ne, Alhaji."

"Da ka ji maganata, da yanzu ban isa in shiga kasuwa ba." Ya juya ga Babagana. "Ba shi awon."

Yaron ya matso yana murmushi. "Baba Bukar, Alhaji ya ba ni tsohon sitonsa na wake a layin baya, can zan sa inji. Wannan awon saman ƙofar ne. Allo nake so."

Na dube shi. "Kai mai inji? Ka buga wa kanka mana."

Ya sosa ƙeya. "Baba, ledar nan in rana ta dake ta shekara guda sai ta koɗe. Ni kuwa ina so in daɗe a wurin."

Ku tashi ku zaga layin baya yanzu, ku ɗaga kai a ƙofar Babagana. Allon da ke cewa ana buga fileks a nan, da hannun nan na rubuta shi.